Iyakar gona ba ta matsawa da kanta

Duk farkon damina sai ka ji an yi, wane da wane sun daina gaisawa, magana har ta kai gaban alƙali, kuma in ka bi diddigi sai ka tarar kunya biyu ko uku ce ake ta wannan tashin hankali a kanta. Wanda ba ya noma gani yake abin bai taka kara ya karya ba, wai ƙasar da ba ta wuce taku ɗaya ba. Toh a yi lissafi mana. Gonar da tsawonta mita 100 ne, in mai huɗa ya ci rabin mita a gefe, murabba'in mita 50 ya tafi kenan a shekara ɗaya, in aka jera shekara 10 ana haka ya zama 500, wato kashi 1 cikin 20 na hekta guda. Ga mai ƙaramar gona wallahi wannan abincin iyalinsa ne.

Kuma fa sau da yawa ba da mugunta ake farawa ba. Direban tarakta da aka ɗauko haya bai san inda gonarka ta tsaya ba, ya zo juyawa a bakin iyaka garma ta kwashe kunyar ƙarshe, badi mai gona ya zo ya shuka daidai inda ya ga huɗa ta tsaya, shikenan. Alamomin ma da ake dogara da su ba masu zama ba ne, bishiya ta bushe a sare ta, dutse yaro ma zai iya gungura shi, rafi kuwa kullum cikin cin gaɓa ɗaya yake yana zuba ƙasa a ɗayar. Shi ya sa dokokin ƙasashe da dama suka raba abin biyu, in a hankali rafin ya riƙa matsawa iyaka tana bin sa, in kuma ambaliya ce ta sauya masa hanya dare ɗaya iyaka tana nan inda take tun farko.

Ni abin da ya fi damuna shi ne shirun nan. Mutum ya ga an shigo masa ya ce bari in yi kawaici, maƙwabci ne, ba na son fitina, alhali abin yana cin sa a rai, yana faɗa wa ’ya’yansa a gida amma bai taɓa faɗa wa maƙwabcin ba. Ranar da dattawan biyu suka kwanta dama sai magada su tashi, ɗaya ya ce ai babanmu ya ce daga bishiyar can ne, ɗayan ya ce mu tun da muka buɗe ido nan muke nomawa, kuma kowa a cikinsu gaskiyar abin da ya sani yake faɗa, waɗanda suka san asalin maganar ba sa nan. Ita doka ma ba ko’ina take tausayin mai shiru ba, a Ingila misali wanda ya riƙe filin da ba a yi wa rajista ba shekara 12 a bainar jama’a ba a hana shi ba yana iya zama nasa.

Wanda yake ci da gangan kuwa ya ji tsoron Allah, hadisi ingantacce ya zo cewa duk wanda ya zalunci wani taƙi ɗaya na ƙasa za a rataya masa shi a wuya har ƙasa bakwai ranar alƙiyama, an kuma la’anci mai sauya alamar iyaka.

Don Allah kar a jira sai rai ya ɓaci. Da rani, gona ba shuka, ku taka iyakar ku biyu ƙafa da ƙafa da shaidu da manyan ’ya’yanku, a kafa turakun siminti a kowace kusurwa, a rubuta kowa ya sa hannu ya riƙe kwafinsa. Kar a ce za a auna da waya, GPS ɗin waya, wato na’urar da ke nuna inda mutum yake, ko a fili fetal yana iya kuskuren kusan mita 5, ya ma fi abin da ake faɗan a kai, in da hali ku haɗa kuɗi ku kira safiyo mai auna filaye, kuɗinsa bai kai na lauya da zaryar kotu ba. In kuma aron wani gefe ka ba maƙwabci, shi ma a rubuta cewa aro ne, da ranar da aka bayar.