Azumi na 17, a bakin ƙofa

Yanzu na shigo gida, 11 saura, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Na tsoma su a ruwan ɗumi, bari in rubuta na yau kafin barci ya kwashe ni.

Mutane gani suke aikina na tarbar baƙi a gidan cin abinci murmushi ne kawai da "sannunku da zuwa, ku nawa ne?" To su zo su gwada da azumi. A sauran watanni kastoma ɗaiɗai suke shigowa, yanzu kuwa tun azahar ko ƙuda ba ya leƙo mu, sai 6:15 ta yi ka ga kamar Nassarawa GRA ce gaba ɗaya ta taso, don ana kiran magariba wajen 6:35 kuma kowa so yake ladan ya same shi a zaune da dabino a hannu. Tebur 22 gare mu, minti 20 gare ni, ni ma kuma da azumin nan a bakina.

Akwai tebur na 9, ƙarƙashin esi, ga soket na cajin waya, kowa shi yake so. Akwai kuma na 4 a bakin ƙofar kicin, ga zafi ga ƙarar faranti, wanda duk na kai can sai ya harare ni kamar na zagi iyayensa. Yau wani saurayi ne ya kama na 9, tun safe ya kira sau uku, "Anti don Allah a ajiye min, mutum biyu ne." Na rubuta a littafi har da ja masa layi.

6:18 wata Hajiya ta iso. Wurin mutum 12 ta kama, na ƙirga na ga 19. Na ce Hajiya ai 12 aka ce min, ta ce "au, yanzu har yara ake ƙirgawa?" To yaran nan a kan me za su zauna, a kaina? Ban faɗa ba dai, a zuci na bar shi. Ni da weta ɗaya muka haɗa tebur uku, muka kwaso kujerun baranda, ina cikin jan kujera mai gadi ya leƙo ya ce ga Alhaji nan.

Alhaji bai kama wuri ba, bai taɓa kamawa ba ma, shadda sai ƙyalli take, kai tsaye ya nufi na 9. Na sha gabansa na ce ranka ya daɗe akwai mai shi. Ya ce "ke yarinya, kin san ko ni waye?" Na sani mana, duk sati yana nan. Dokarmu idan 6:25 ta wuce mai wuri bai zo ba a ba wani, lokacin 6:23, manaja daga nesa sai ƙifta min ido yake wai in bayar kawai, ni kuma muryar saurayin nan ce ke min yawo a kunne. Na ce ranka ya daɗe ga yaran Hajiya nan dab da teburin, ba za su bar ka ka sha ruwa cikin natsuwa ba, na 14 yana jikin taga kuma kusa da wurin salla. Ba ƙarya na yi ba, a daidai lokacin wani yaro ya kifar da kofin zoɓo. Alhaji ya kalli zoɓon, ya kalli shaddarsa, ya bi ni.

6:31 saurayin ya diro daga a daidaita sahu yana haki, wai cunkoso ya tare su a Ƙofar Nassarawa. Na ɗauka budurwa zai kawo. Ashe mahaifiyarsa ce, dattijuwa da hijabi har ƙasa, ta tsaya a bakin ƙofa tana neman inda za ta cire takalmi. Na ce Mama shigo da abinki. Ya raɗa min wai albashinsa na farko ne. Na kai su na 9 ina jin kaina kamar wadda ta ci yaƙi.

Ko minti biyu ba a yi ba ta yafito ni. "'Yata, wannan sanyin zai kama min ƙashi, babu wani lungu mai ɗumi?" Ta waiga ta nuna na 4. Na 4 fa! Wallahi can ta koma, tana kallon masu suyar ƙosai ta ƙofar kicin tana ta sa musu albarka, na 9 kuwa haka ya zauna babu kowa har aka kira salla, Alhaji yana hango shi daga inda yake, manaja yana hango ni.

Na sha faɗa bayan isha'i, wai ni ba ni da lissafin kasuwa. Na ce to Oga a yi haƙuri.

Sai 7:10 na samu zama na sha kunun tsamiya, ya riga ya huce. Azumin dai tun da aka kira salla na buɗe shi a tsaye, da dabino biyu da Mama ta kwance daga bakin zaninta ta cusa min a hannu lokacin da nake wucewa da kujera.

Gobe wani ofis ya kama wurin mutum 30, na riga na gaya wa weta ya tanadi kujera 40. Umma ta ce sauran tuwo na cikin kula don sahur, in ban ji alam ba a tashe ni.