Abin da Tsohuwar Pijo 504 Ta Koya Mini

A shekarata ta uku ina koyon kanikanci a Sakkwato aka jawo mana wata Pijo 504 da ta daɗe a ajiye a gindin dogon yaro, tayoyinta sun tsattsage, ƙurar hunturu ta cika mata ciki. Mai ita dattijo ne da ya saye ta sabuwa daga cikin waɗanda ake haɗawa a kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975. Irin wannan mota ta fara fitowa ne a Faransa a 1968, kuma har yau ban ga wadda ta kai ta jure hanyoyinmu ba.

Da aka sauke ta, sai na ɗauko batir domin mu ji ko za ta tashi. Maigidana ya ce, "Ajiye shi, yaro, ba a tashin mai dogon barci da tsawa." Muka kwance fulogi huɗu, muka ɗiga baƙin mai a kowane rami, muka bar ta kwana uku, sannan muka juya injin da hannu a hankali. Ya bayyana mini cewa idan mota ta daɗe a tsaye, baƙin mai yana gangarewa ƙasa gaba ɗaya, tsatsa ta kama zobban fistin, kuma da an murza makulli ƙarfin juyawar yana iya karya su ko ya karce bangon silinda. Tsohon fetur kuwa ya zama danƙo ya toshe kafireta, don haka muka sauke tanki muka wanke.

Darasin da ya fi zauna mini ya zo ne daga kuskurena. Injin 504 yana da silinda da ake zurawa a cire, ruwan sanyaya inji yana kewaye da su, kuma idan an ɗaga kan injin wajibi ne a danne su kafin a juya komai. Ni kuwa na juya ba tare da na danne ba, guda ta ɗaga, abin da ke tare ruwa a gindinta ya lalace. Ba wanda ya gani. Na yi dare ina tunanin in mayar in yi shiru, amma na san ruwa zai gangara cikin baƙin mai, kuma a zafin Afrilu na Sakkwato, da yakan haura digiri 40, dattijon nan ne zai tsaya a daji da iyalinsa. Da safe na faɗa wa maigida. Bai yi faɗa ba, sai dai ya sa ni na sake aikin daga farko yana tsaye a kaina.

Lagireto mun kai an buɗe an wanke shi, mun sauya duk robobin ruwa da na birki, domin roba tana mutuwa ko ba a taɓa ta ba. Dattijon ya yi ta tambayar fenti, maigida yana ba shi haƙuri da cewa, "Baba, a bari ta iya tsayawa tukuna."

Ranar gwaji muka ɗauki hanyar Bodinga da tsakar rana, idona yana kan allurar zafi har muka je muka dawo, ba ta wuce tsakiya ba. Bayan mako biyu aka yi mata farin fenti irin nata na asali, dattijon ya zo da jikansa ya karɓi makulli, ya tuƙa ta da kansa zuwa masallacin Juma'a.