Wai tuwo ne ya sa min tumbi?

Bayan ƙaramar sallah na ɗauko wata riga da aka ɗinka min kafin azumi, wallahi zif ɗin ya ƙi hawa. Wata guda cur ina azumi fa! Ƙanwata tana ta dariya, wai Yaya ai ke azumin rana kika yi, dare kuma biki. Kuma gaskiya ta faɗa, don da an kira magariba sai ƙosai, soyayyen dankali da ƙwai, kunun gyaɗa da sukari kamar za a yi alewa, ga zoɓo mai sanyi, sannan bayan tarawi a dawo kan shinkafa.

To daga nan na shiga neman mafita, kuma duk wanda ka tambaya a Kaduna likitan kansa ne. Wata maƙwabciyarmu ta ce in daina tuwo kwata-kwata. Wata ta ce ruwan ɗumi da lemun tsami da citta kullum da safe, wai yana narkar da kitsen ciki. Na je Kasuwar Barci na sayo cittar Kachia mai kyau, sati uku ina sha, shayin da daɗi kam amma tumbi yana nan daram, don babu wani abin sha da zai zaɓi kitsen ciki ya narkar, jiki in zai rage kitse daga ko'ina yake ragewa kuma sai abin da kake ci ya gaza abin da kake ƙonawa.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne shayin rage ƙiba da na saya a intanet. Kwana biyu ina zarya banɗaki, na hau sikeli na ga na ragu, har ina murna. Ashe da yawansu filasko ne a ciki, maganin wanke ciki, ruwan jikinka kawai kake zubarwa, ka sha ruwa ka ci abinci nauyin ya dawo.

Sai kuma zancen Gwaggona da ke Tudun Wada, tana da ciwon suga, an ce mata alkama da acca su ne abincin masu suga. Ranar da na je gaishe ta na tarar da malmala uku manya-manya na tuwon alkama a gabanta, na ce Gwaggo duk wannan? Ta ce ai 'yar nan wannan magani ne. Ba magani ba ne fa, alkama da acca duk hatsi ne, sitaci ne, in ka narka da yawa suga zai hau. Ga shayinta an zuba zuma cokali uku wai ta bar sukari, alhali ita ma zumar yawancinta sukari ce.

Da na zauna na duba kwanona da kyau sai na ga tuwon bai yi min laifin komai ba. Miyar ce ke iyo cikin mai. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci 4 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), kuma mu ludayi muke sawa mu kamfata, ko manja ko man gyaɗa duk ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishiri kar ya kai giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, to lissafa dunƙulen magi nawa ke shiga tukunya ɗaya bayan gishirin. Ta kuma ce a ci ganye da 'ya'yan itace aƙalla giram 400 kullum, kuma ba sai tufa ɗin kanti mai tsada ba, zogale, rama, alayyahu, kuɓewa, gwanda, kankana, duk ga su nan a bakin titi da Kasuwar Gumi.

Yanzu dai malmala ɗaya nake ci da miya mai yawan ganye, na daina tsallake karin kumallo don in na yi haka da dare nake ramawa ninki biyu, lemun kwalba sai ranar biki. Da asuba ni da ƙanwata mukan zaga Murtala Square sau biyu a sati in ba a yi ruwa ba. Rigar ta fara shiga, sai dai har yanzu sai na riƙe numfashi ita kuma ta ja zif ɗin.