Cocin Katako na Greensted

Jiya na leƙa wani ƙaramin coci a ƙauyen Greensted, yankin Essex na Ingila. Bangonsa kututturan itacen oak ne, an tsaga su biyu an jera a tsaye, sun yi baƙi ƙirin don tsufa. A da ana cewa tun 845 aka gina shi, sai masana suka binciki zoben cikin itacen, wato layukan da ke nuna shekarunsa, suka gano bayan 1053 aka sare shi. Duk da haka ana ɗaukarsa cocin katako mafi daɗewa a duniya. Gyaran 1848 bai burge ni ba, an datse ruɓaɓɓen gindin itatuwan an ɗora su kan bulo. Sai dai fa da an bar su, da danshi ya cinye su tuntuni. Har gobe ana ibada a ciki.