Tambayar da na yi wa wata amarya a gaban jama'a

Watana huɗu da fara aiki a kemis abin ya faru. Shagon yana bakin titi a wata unguwa cikin Kano, ɗaki ɗaya ne da ɗan sito a baya. Kantar gilashi ce doguwa, mutum biyar za su jeru a gabanta kafaɗa da kafaɗa. Bayan magariba kuwa sai su haura goma, wannan na miƙo kuɗi ta saman kan wancan, janareta na ruri a waje, ba a jin ka sai ka ɗaga murya.

A makarantar koyon aikin lafiya an koya mana tambayoyin da ba a tsallakewa kafin a miƙa magani. Na wane ne? Shekarunsa nawa? Yana shan wani magani? Akwai wanda jikinsa ba ya karɓa? Idan mace ce, tana da ciki ko tana shayarwa? Na haddace su tsaf kamar karatun allo. Amma ba wanda ya zaunar da ni ya ce ga inda ake yin su, ga irin muryar da ake yin su da ita.

A daren, wata yarinya ta shigo cikin dogon hijabi, daga gani ba ta daɗe da tarewa ba. Ta miƙo takardar asibiti wadda ta yi kusan wata guda da rubutawa, da alama sai a ranar kuɗi suka samu. Doxycycline ne a rubuce. Shi wannan magani ana kauce wa ba mai ciki, saboda danginsa suna taɓa haƙora da ƙashin jariri, musamman idan ciki ya yi nisa. Tambayar ta zama dole. Sai na yi ta kamar yadda nake tambayar mutum canjin nawa yake bi na, da ƙarfi, ta saman ƙarar janareta:

"Malama, kina da ciki?"

Shagon ya yi tsit. A bayanta akwai dattijai mata biyu, daga baya na gane ɗayarsu maƙwabciyar uwar mijinta ce. Ga samari uku a gefe. Ta sunkuyar da kai ta ce a'a. Na saka maganin a farar leda, na faɗa mata yadda ake sha, ta fita da sauri.

Ba a yi awa ɗaya ba sai ga wani yaro ɗan shekara tara ko goma, ya miƙo mini takarda a ninke. Rubutun ajami ne, layi biyu: al'adarta ta wuce lokaci da sati uku, ba ta gaya wa kowa ba, shin ta sha ko kada ta sha? Hannuna ya ɗauki rawa. Na kai wa maigidana, wanda shi ne famasis mai lasisin shagon. Ya rubuta mata kada ta sha ko ƙwaya ɗaya, ta koma asibiti da safe a yi mata gwaji a canza magani, ya haɗa da kuɗinta ya ba yaron. Da muka rufe shago ya ce in zauna.

Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Tambayarka daidai ce. Amma kai ka sa ta yi ƙarya. Cikin fari ne, ko mahaifiyarta ba ta iya gaya wa ba, sai kai a gaban samari?"

Na san wannan kunya, a cikinta na tashi. Yayata sai da cikinta ya fito kowa ya gani, ba ta taɓa furtawa da bakinta ba. Amma da na tsaya bayan kanta da farar riga sai na manta daga gidan da na fito. Da yarinyar nan ba mai hankali ba ce, da ta sha maganin ta yi shiru, ni kuma in kwana ina ganin na sauke nauyi tunda na tambaya an ce a'a.

Daga ranar na fara sa ido, sai na ga ashe ƙarya nake saye kullum. Magidanci ya zo neman maganin basir ya ce na maƙwabcinsa ne. Saurayi mai ciwon sanyi ya ce abokinsa ne ya aiko shi, amma ya san daidai inda yake masa zafi da ranar da ya fara. Mace ta tsaya minti goma tana duba man shafawa, tana jira shago ya yi sauƙi, da mutane suka ƙi raguwa sai ta sayi Panadol ta tafi. Allah kaɗai ya san abin da ya kawo ta.

Wanda ya fi tsorata ni wani dattijo ne da ya zo neman sildenafil, wanda ake kira maganin ƙarfin maza. A gaban mutane ya ce na wani ne. Na ce, "Baba, ɗan zagayo nan in nuna maka wani abu." A bakin sito na rage murya na ce masa dalilin da zan tambaye shi shi ne, akwai magungunan ciwon zuciya da idan suka haɗu da wannan, jinin mutum yakan faɗi warwas har ya kai ga rasa rai. Ya yi jim, sannan ya zaro sachet daga aljihun babbar riga. Isosorbide dinitrate ne, ɗaya daga cikin waɗanda nake tsoro. Ban sayar masa ba. Na roƙe shi ya gaya wa likitan da ke duba zuciyarsa, domin matsalar da ta kawo shi ma takan biyo bayan hawan jini ko ciwon suga, kuma akwai abin da za a iya yi masa. Da a kan kanta na tsaya, da "na wani ne" za mu rabu.

Abin da na koya a wajen dattijon nan shi ne in fara da dalili kafin tambaya. Mutum idan ya san me za ka yi da amsarsa, yakan ba ka ta gaskiya. Idan bai sani ba, sai ya ɗauka bin diddigi ne.

Gyaran da muka yi a shago bai ci kuɗi ba. Mun ja durowar kayan jarirai gaba, muka samu lungu mai cin kujera biyu a ƙarshen kanta. Da farko labule na sa har ƙasa, sai maigidana ya ce in cire. Ya fi ni gaskiya: a unguwa irin tamu, matar aure ta shiga bayan labule da namiji baƙo, wani sabon zance ne ya fi na farko muni, kuma addini ma bai yarda da keɓewa ba. Sai muka bar wajen a buɗe, kowa na ganin mu, ba mai jin mu. Daga baya aka ɗauki ma'aikaciya mace, ita ke zama daga la'asar zuwa isha. A watannin farko da zuwanta muka fara ganin matan da ba mu taɓa gani ba, suna tambayar allurar tazarar haihuwa, da ƙaiƙayin gaba, da fitsarin da ke zubo musu tun bayan haihuwa. Wasu matsalolin ba na kemis ba ne sam, na asibiti ne, amma sai an faɗa sannan a san inda za a tura mutum.

Akwai kuma ƙananan ramuka da asiri ke zurarewa ta ciki, waɗanda ban taɓa ɗauka komai ba. Ƙwala wa yaron sito kira da sunan magani, alhali mai shi na tsaye: "Kawo Postinor ɗaya!" wato maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa. Yanzu rubutawa muke yi, ko in tashi in ɗauko da kaina. Farar leda da ake hango kwalin ciki, mun koma baƙa ko ambulan. Littafin bashi kuwa, a buɗe yake kwana a kan kanta, ga sunan mutum, ga abin da ya karɓa, duk mai jiran canji yana iya karantawa. Yanzu yana cikin durowa, kuma kuɗi kawai muke rubutawa a gaban suna. Sai wayar shago, wadda mutane ke turo hoton takardar asibiti ta WhatsApp, ma'aikata huɗu na taɓa ta. Mun sa mata makulli, muna goge hoto da zarar an gama.

Yaran aike su ne suka fi ba ni wahala, har yau ban gama da su ba. Mata da yawa ba sa fitowa, yaro ake turowa da takarda ko da tsohon kwali. Ba zan tambayi yaro ɗan shekara takwas ko babarsa na da ciki ba. In ma ya sani, zai maimaita tambayar a tsakar gida a gaban kishiya da kowa. Abin da nake yi shi ne in rubuta tambayar a takarda in ninke in maƙala, ko in rubuta lambar shago in ce ta kira. Wasu suna kira. Wasu kuma sai su tura yaron wani shagon da ba a tambaya. Wannan yana ci mini rai, amma ban ga dalilin da zai sa in daina tambaya ba.

Ɗaya ɓangaren kuma, masu zuwa neman labarin wani. Magidanci ya taɓa tsare ni yana so ya san me matarsa ta saya jiya. Na ce masa, "Alhaji, ka yi haƙuri, abin da ke tsakanin mai saye da shago amana ne. Kai ma abin da ka saya ba zan gaya mata ba." Ransa ya ɓaci, ya yi wata biyu bai leƙo ba, sannan ya dawo.

Wanda ya fi nauyi shi ne wani dattijo mai mutunci, wanda nake gaisarwa a masallaci. Ana neman 'yarsa da aure, yana bincike kamar yadda al'ada ta tanada. Ya zo bayan azahar da ba kowa, ya ambaci sunan saurayin, ya ce ya ji a nan yake sayen magani, yana so in faɗa masa tsakanina da Allah ko yaron na da wata cuta, ko yana shan ƙwaya. Na fahimci tsoronsa. Duk wanda ya zauna a Kano ya ga abin da kodin ya yi wa matasa kafin gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, kuma tramadol bai bar unguwanni ba. Uba ne yake son kare 'yarsa. Amma na ce masa, "Baba, ba zan ce e ba, ba zan ce a'a ba, ko a kan shi ko a kan wani. Da wani ya zo tambaya a kan iyalinka, haka zan ce masa." Na kula ƙwarai kada in ce "ai lafiyarsa ƙalau", domin ranar da na ƙi faɗin haka a kan wani, shiruna ya zama amsa. Na tuna masa cewa tun 2024 jihar Kano ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure, wadda ta haɗa da ƙanjamau, ciwon hanta da jinsin jini saboda sikila. A can za a auna su biyun da saninsu da yardarsu, sakamakon ya fi zaton mai kemis. Domin mai kemis kwali kawai yake gani. Mutum na iya sayen magani don mahaifiyarsa, kuma magani ɗaya na iya yin aiki uku.

Sai daga baya na karanta cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 26, ta ce bayanin lafiyar mutum sirri ne, ba a fitar da shi sai da yardarsa a rubuce, ko umarnin kotu ko wata doka, ko idan ɓoyewar za ta jefa jama'a cikin haɗari. A shekarar kuma aka yi dokar hana tsangwamar masu ɗauke da ƙanjamau. Da yawa daga cikin masu tsayawa bayan kanta ba su taɓa jin waɗannan ba, musamman a ƙananan shagunan magani inda yaron gida ne ke saye da sayarwa. Hukumar PCN da ke ba shagunan magani lasisi ta kamata ta riƙa duba ko shago na da wajen magana a gefe, kamar yadda take duba rajista da yadda ake ajiye magani. Amma ko ba doka, mun taso muna jin hadisin da ke cewa wanda ya rufa asirin Musulmi, Allah zai rufa nasa duniya da lahira. Kuma iyayenmu sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Wahalar ita ce a unguwa ɗaya nake zaune da mutanen nan. Da su nake sahu, da su nake zaman majalisa. Akwai daren da ake hira aka ambaci wani da ya rame, kowa na faɗin zatonsa, sai aka juyo gare ni: "Kai ai ka sani, dakta." Na sani kuwa. Tarin TB ne, yana karɓar magani kyauta a asibiti, ya zo wajena ne a firgice saboda fitsarinsa ya koma ja, na kwantar masa da hankali cewa aikin rifampicin ne, ɗaya daga cikin magungunan TB ɗin, ba jini ba ne. Abin da ake zato a majalisar ya fi gaskiyar muni, kuma bakina ya yi ta ƙaiƙayi in wanke shi. Na ce musu ban da maganar shago a nan. Magana zarar bunu ce, kuma ba tawa ba ce da zan zare. Washegari na same shi na gaya masa ana maganarsa, in yana so ya faɗa da kansa. Bayan kwana biyu ya faɗa.

Ita kuwa amaryar, sai bayan kusan shekara ta sake shigowa, da goyo a bayanta, tana neman ORS, wato haɗin gishiri da suga, da zinc saboda yaron na gudawa. Shagon cike yake. Na ce, "Hajiya, bismillah, zagayo nan." Ta zauna a lungun, abokiyar aikina ta tambaye ta sau nawa ya yi tun safe, yana kama nono, yana fitsari. Ta amsa duka. Ban ɗauko zancen daren nan ba, ita ma ba ta ɗauko ba. Da za ta tashi na nuna mata yadda ake haɗa sachet ɗin da tsaftataccen ruwa daidai awon da aka rubuta a jiki, na ce zinc ɗin kwana goma za ta yi tana ba shi ko da gudawar ta tsaya, kuma idan ya ƙi kama nono ko idanunsa suka faɗa, kada ta jira gari ya waye, ta wuce asibiti.