Abin da na koya wajen gyaran tsofaffin kayan ɗaki a Gusau

Sana'ata gyaran tsofaffin kayan ɗaki ce, kuma a Tudun Wadar Gusau na koye ta, a hannun wani dattijon kafinta da duk yaran shago muke ce wa Baba. Sabon aiki kaɗan muke yi. Abin da aka fi kawo mana shi ne kabad ɗin da ƙafarsa ta ruɓe, da gadon ƙarfe mai rumfa wanda tsatsa ta ci, da akwatin katako da aka kawo lefen kakar wani a ciki, da kujera 'yar tsugunno da ta tsage. Mu kankare, mu ɗaure, mu shafa fenti, mu mayar wa mai shi. Masu wucewa in suka ga mutum da burushi a hannu sai su ɗauka aikin ke nan. Burushi kuwa daga ƙarshe ake ɗaukarsa, bayan an gama duk abin da yake da wuya.

Baba ba ya barin yaro ya taɓa gwangwanin fenti sai ya iya kifar da kaya ya duba bayansa da ƙarƙashinsa. Gaban kabad don ido aka gyara shi. Bayan ne yake faɗa maka hannun da ya ƙera shi da irin katakon da aka sa. Sai ya kankare ɗan wuri da wuƙa, ya danna da farce, ya ɗaga ya ji nauyi, sannan ya ce, "Wanga maɗaci na, yaro, ka lura da ja nai." Maɗaci ja ne, garinsa yana da ɗaci a maƙogwaro in kana goge shi. Kawo ya fi shi nauyi da taurin kai, yana dakushe zarto, amma gara ba ta cika kusantarsa ba. Akwai kuma katakon kudu, wanda tun da layin dogo ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929 ya samu hanyar shigowa ƙasarmu. Kafintocin wancan zamani sassaƙa katako suke yi ya shige cikin ɗan'uwansa ya kulle, ƙusa 'yar kaɗan ce. Shi ya sa kabad ɗin da ya girmi jihar Zamfara kanta, wadda aka kafa a 1996, za ka same shi tsaye ƙyam, abin da yake nema kawai a sauya masa ƙafa ɗaya da maɗaurin ƙofa.

A nan ne raina yake ɓaci, kuma ba na ɓoyewa. Uba zai sayar da sa, ko ya jinginar da gona, ko ya ci bashi, don ya yi wa 'yarsa kayan ɗaki. Abin da zai saya galibi garin katako ne da aka matse da gam aka lulluɓe da leda mai sheƙi. A shago yana ɗaukar ido, babu musu. Amma ruwan goge-goge kawai ya ishe shi: ƙasan ya sha ruwa ya kumbura, noti ya daina kamawa, ƙofa ta rataye, wani lokaci tun ba a yaye ɗan fari ba. Irin wannan in aka kawo mana ba mu da abin yi masa, domin babu katakon da za a kama. A gidan kuma, kabad ɗin uwar amarya na maɗaci yana can bayan ɗaki, kaji suna ƙwai a ciki.

Ban ga laifin amarya ba. Ranar jere dangin miji suna shigowa da ido buɗe, kuma gori yana daɗewa a zuciyar yarinya. Wata Hajiya ta taɓa aiko da kabad ɗinta a kura, ta biyo bayansa da kanta, ta ce wa Baba, "Malam, ɗiyata za ni yi wa aure. Ka maishe min wanga sabo, kada kowa shi gane nawa ne." Baba ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Hajiya, ko sun gane ba abin kunya ba ne, da tsohuwar zuma ake magani. Amma za mu yi miki yadda kike so." Aka sauya madubi, aka sa sababbin mariƙai, aka yi masa fenti ruwan madara da ɗan layi ruwan gwal a gefe. Daga ranar na gane cewa in muna son a daina zubar da kayan iyayenmu, wa'azi ba zai yi ba. Sai aikinmu ya yi kyan da yarinya za ta nuna wa ƙawayenta da fara'a.

Darasin da ya fi kowanne nauyi a wurina shi ne na tsohon fentin da muke kankarewa. Mu mutanen Zamfara ba sai an yi mana bayanin gubar dalma ba. A 2010 aka gano ta a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, ƙurar ta game tsakar gida inda yara suke rarrafe, yara aƙalla 400 suka rasu, wasu da yawa suka tashi da lahani a ƙwaƙwalwa. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne tsofaffin fenti masu mai da yawa suna ɗauke da dalma, musamman rawaya da ja, da jan fentin ƙarƙashi da akan shafa wa ƙarfe don tsatsa. Amurka ta hana sa dalma a fentin gidaje tun 1978, amma ƙasashe da yawa sun daɗe bayan nan ana sayar da shi. Ido ba ya bambance mai dalma da marar ita. Saboda haka duk tsohon gado ko akwati da ya shigo shagonmu, muna ɗaukarsa kamar yana da ita.

Ba ma goge tsohon fenti a bushe. Sai mun jiƙa sanfefa da ruwa, don garin ya zama caɓi ya tsaya wuri ɗaya. Ba ma babbaka shi da wuta, ko da yake hakan ya fi sauri kuma na san masu yi, domin hayaƙin kai tsaye yake shiga ƙirji. Muna shimfiɗa buhu a ƙasa, in an gama a naɗe a ɗaure. Ba a cin abinci a wurin, kuma rigar aiki a shago take kwana. Idan aka ce mu je gida mu yi aikin a tsakar gida don a rage kuɗin kura, ina ƙi, ko da zan rasa cinikin. A tsakar gidan nan ake shanya tsaba, a nan ake tankaɗe, a nan yaro yake ɗaukar abu daga ƙasa ya kai baki. Gadon jariri kuwa da duk abin da yaro zai iya gwaguya, in fentinsa tsoho ne yana ɓarewa, gara a cire shi ƙarƙaf a bar katakon da mai kawai.

Sai lokaci. Fenti yana da ranakunsa. Da hunturu yana saurin bushewa, amma ƙura ba ta barinsa. Ka shafa da hantsi, kafin azahar fuskar ta yi kaushi. Dole a yayyafa ruwa a ƙasan shago, a rufe ƙofa da buhu, a yi shafi da sassafe kafin iska ta taso. Katako ma a lokacin yake tsukewa, haɗi ya buɗe baki. Da damina ya kumbura, aljihun teburi ya ƙi fita. Kafintan da ya daidaita ƙofa cif-cif a watan Janairu, to a Agusta sai an sa ƙafa kafin ta buɗe, don haka ake barin ɗan sarari. Fenti mai mai kuma da damina yakan kwana ya wuni yana danƙo. Da bazara, in aka yi shafi a rana, sama ta bushe ƙasa tana ɗanye, sai ya yi ƙuraje. A ganina babu kamar kaka, daga ɗaukewar ruwa zuwa kafin ƙura ta sauko: iska a bushe, rana da sauƙi, kuma manomi ya sayar da amfani yana da abin biya.

Sai dai mata ba da kaka suke lissafi ba, da Sallah suke yi. Shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da kwana 10 ko 11, saboda haka Sallah tana zagaya duk lokutan shekara. A 2025 ƙaramar Sallah ta faɗo ƙarshen Maris, tsakiyar zafi, babbar kuma farkon Yuni, a bakin damina. Duk inda ta faɗo, goman ƙarshe na azumi shago cika yake yi, kowa yana son kayansa kafin daren Sallah. Fenti mai mai kuwa, ko ya bushe a hannu washegari, yana ɗaukar makonni kafin ya yi tauri na gaskiya. A ɗora masa samira da wuri, gindinta ya zauna a jiki har abada. Yanzu tun watan Sha'aban nake aika wa masu kawo mini aiki cewa mai son gyaran Sallah ta kawo, kuma wadda ta makara ina gaya mata gaskiya: za ta karɓa ranar da take so, amma kada ta jera komai a kai sai bayan Sallah.

Gyaran ɗaki don Sallah ba sabon abu ba ne a wurinmu. Innata tana ba da labarin yadda bayan damina ake yaɓe inda ruwa ya zaizaye, a shafe bango da farar ƙasa, mata su taru su yi daɓe suna waƙa, a yayyafa makuba ta ɓawon ɗorawa don ƙasa ta yi ƙarfi da sheƙi. Sannan a sauke jere gaba ɗaya, kwalla da langa da tasoshi, a wanke a goge, a mayar daga babba zuwa ƙarami. Yau siminti da tayil sun maye gurbin daɓe, amma sauya labule da shimfiɗa da juya wa gado wuri suna nan. Da zafi a naɗe kafet a fito da tabarma, da sanyi a mayar da shi a rataya labule mai kauri. Wannan ya koya mini zaɓen launi. Kabad ba ya sauyawa duk Sallah, labule ne yake sauyawa, don haka nake ba da shawarar launin da zai zauna da kowane yadi: ruwan madara, ko kore mai haske, ko shuɗi marar duhu. Fari fat na mai ba na son sa a ɗakin mace. A ɗaki marar haske da kansa yake komawa rawaya, ga hayaƙin turaren wuta yana ƙara masa.

Abin da ya shafi madafi kuwa, ba a shago na koye shi ba, a gida ne, wajen Inna da maiɗakina. Kabad ɗin abinci mai ƙofar waya, wanda ake sa ƙafafunsa cikin gwangwani da ruwa saboda tururuwa, ba a yi masa fenti a ciki. Garin tuwo da man shanu da kuka suna jan wari, kuma maigida zai ji fenti a miyarsa ya rasa daga ina. A wanke cikin, a shanya, a shimfiɗa takarda ko leda mai tsabta, shi ke nan. Wajen ma sai an wanke shi sosai da omo ko ruwan toka, domin hayaƙin murhu da maiƙon suya suna kwanciya a jikin katako shekara da shekaru, musamman bayan suyar naman layya, kuma fenti ba ya kama maiƙo. Duk tsadar gwangwanin da ka saya, ɓarewa zai yi.

Akwai kayan da, muddin za su taɓa abinci, ba na yarda burushi ya taɓa su ko an roƙe ni: turmi, taɓarya, akushi, muciya, maburgi, ludayi. Yanzu wasu 'yan mata suna ganin hotuna a waya suna son a yi wa akushi ado don jere. In na ajiya ne a saman kabad, ina yi, amma ina faɗa mata kada a sake zuba tuwo a ciki. Akushin da za a ci tuwon dawa da miyar sure a cikinsa, man gyaɗa ko man kaɗe ya ishe shi. Muciyar da za ta shiga tukunya mai tafasa ma haka. Inna takan ce hocen da aka daka dawarsa a turmin ƙirya daban yake da na inji, kuma ni ma bakina yana gaya mini haka.

Turmin nan ma yanzu ya shigo cikin kayan gyaranmu, abin da da ba a yi. Rashin tsaro ya hana masassaƙa shiga daji neman ƙirya kamar da, sabon turmi mai kyau ya yi tsada, kuma akwai matan da suka baro ƙauyukansu suka dawo Gusau, gado da kabad duk sun bari a can, turmi da tukwane kawai suka iya ɗaukowa. In irin wannan turmi ya tsage aka kawo, muna kai shi wajen maƙeri ya ɗaure bakin da zoben ƙarfe, mu cusa siririn katako a tsagar mu daddale, mu shafe shi da man gyaɗa ciki da waje. Gam ba ya shiga inda hatsi zai taɓa. Sai mu ce wa mai shi, "Gwaggo, ki fara daka dusa a ciki ki zubar, sannan ki sa tsaba." Kuɗin maƙeri kawai muke karɓa a irin wannan aiki, haka Baba ya tsara tun yana iya zuwa shago.