Cin abincin titi a Japan: ku shirya tun kafin yunwa ta kama ku

Ƙannena masu haɗa kuɗi don zuwa hutu Japan tare da abokai, kurakuran da muka yi mu da muka riga ku zuwa yawancinsu a bakin rumfar mai abinci suka faru, kuma tushensu ɗaya ne: a can ido ba ya gaya wa mutum abin da ke cikin abinci. Za ku ga kifi ko kaza a kan garwashi, tsaf da su, amma abin da ya shafi halal da haram yana cikin miyar da aka shafa musu da man da aka yi suya da shi.

Ku fara da takoyaki, wanda Osaka ta yi suna da shi tun 1935. Ƙullun fulawa ne da ake zubawa a kaskon ƙarfe mai ramuka kamar tandar waina, a jefa yankan tako a kowane rami, wato dabbar tekun nan mai hannu takwas, a yi ta juyawa da tsinke har ya dunƙule. Ana sayar da shida ko takwas, kuɗinsu wajen yen 500 zuwa 800. Ita tako ba ta da matsala ga mabiya mazhabar Malikiyya, domin dabbobin teku halal ne a wurinmu. Romon da ake dama ƙullun da shi, dashi, daga busasshen kifi da ciyawar teku ake samunsa. Inda za ku tsaya ku yi tambaya shi ne baƙar miya mai zaƙi da ake shafawa a kai, don wata takan ƙunshi ruwan nama ko giya. A Osaka kuna iya cewa a ba ku da gishiri kawai: "Shio de onegai shimasu." Sannan kada wanda ya jefa ɗaya gaba ɗaya a baki. Bayansa kan huce amma cikinsa yana nan ruwa-ruwa da zafin gaske. A huda shi da tsinke, a bari tururi ya fita na minti ɗaya ko biyu.

Yakitori ya fi ruɗarwa. Tsiren kaza ne, ana gasa shi iri biyu: da gishiri, ko da miyar tare, wadda ake haɗawa da shoyu (miyar waken suya mai gishiri), sukari, mirin da sake. Sake giyar shinkafa ce, mirin na ainihi kuma yana da giya kusan kashi 14 cikin ɗari. Ko kun zaɓi mai gishiri, maganar yanka tana nan, domin kazar kasuwa a Japan ba yankan Musulmi ba ce sai in an rubuta. A garin Muroran na Hokkaido kuwa, abin da suke kira yakitori naman alade ne.

Akwai waɗanda ba sa buƙatar dogon bincike, ku wuce su kawai sai dai a shagon halal: yakisoba (soyayyiyar taliya) da okonomiyaki (fanke mai kabeji) na rumfa, waɗanda galibi da alade ake yin su kuma a kan farantin ƙarfe ɗaya, da gyoza da nikuman (ƙullu da aka cusa wa nama), da ramen (taliya cikin romo). Romon tonkotsu na rumfunan yatai a Nakasu ta Fukuoka ƙashin alade ne aka dafa sa'o'i masu yawa, don haka tsame yankan naman da ke kai ba ya gyara komai. Kushikatsu, soyayyen tsire na unguwar Shinsekai ta Osaka, ma haka: ko kun zaɓi albasa da jatan lande, a mai ɗaya aka soya su da alade.

To me za a ci? Yaki-imo, gasasshen dankalin Hausa a kan duwatsu masu zafi, ba a sa masa komai, kuma lokacin sanyi ake samunsa. Taiyaki, ƙullu mai siffar kifi da jan wake mai zaƙi a ciki, galibi ba shi da nama. Kifi da sauran kayan teku da aka gasa da gishiri a kasuwar Kuromon ta Osaka. Da zafi kuma akwai kakigori, gogaggiyar ƙanƙara da ruwan zaƙi. Inari-zushi, soyayyiyar awara da aka cusa wa shinkafa, tana da daɗi amma sau da yawa da mirin ake dafa awarar.

Maganar mirin da ɗan giyar da ke cikin shoyu malamai sun yi saɓani a kanta. Ku tambayi malaminku tun kuna gida, ku tsayar da matsaya. Babu abin da ke ɓata tafiyar abokai kamar a tsaya gardamar fiƙihu a gaban rumfa, layi ya taru a bayanku, mai abinci yana jira da faranti a hannu. Ku kuma ajiye hoton waɗannan rubuce-rubuce a waya: 豚 alade, 酒 giya, みりん mirin, ラード kitsen alade, ゼラチン jelatin. Tambayar ita ce "Butaniku wa haitte imasu ka?", wato akwai naman alade a ciki? Sai dai mai rumfa zai iya cewa babu da zuciya ɗaya, don shi yankan nama yake nufi, bai lissafa da romo ko kitse ba. Shi ya sa nuna rubutun ya fi. Haka kuma shagon da ya rubuta cewa yana maraba da Musulmi, ko babu alade a abincinsa, daban yake da mai takardar shaidar halal. In kuna Tokyo, layin shagunan halal na Shin-Okubo zai wadatar da ku da nama, a Asakusa ma akwai masu ramen na halal.

Lokaci ne abu na biyu da ke kayar da mutane. Mun saba abincin titi na dare ne, amma manyan kasuwannin Japan da rana suke ci. Kasuwar waje ta Tsukiji, wadda ta rage bayan an mayar da babbar kasuwar kifi Toyosu a 2018, ta safe ce, zuwa ƙarfe 2 na rana an fara rufewa, kuma shaguna da yawa ba sa buɗewa ranar Lahadi. Nishiki ta Kyoto tana watsewa wajen ƙarfe 6 na yamma. Unguwar Dotonbori ta Osaka ce ke raye da dare. Don haka ku jera yawonku da kasuwa a zuciya: Fushimi Inari da ke gindin dutse a Kyoto da sassafe, shiga kyauta ne kuma ba a rufe shi, hawa dutsen da saukowa kan ci sa'a biyu zuwa uku, sannan ku gangaro Nishiki da azahar. Fushimi Inari wurin bautarsu ne, a kalli gini cikin natsuwa, a bar musu takardun dubansu.

Ba a cin abinci ana tafiya. A Nishiki da layin Nakamise na gaban haikalin Senso-ji a Asakusa an roƙi baƙi su daina. Ku tsaya gefen rumfar ku cinye, ku miƙa wa mai ita tsinke da faranti. Kwandon shara ya yi ƙaranci a tituna tun bayan harin iskar guba a jirgin ƙasan Tokyo a 1995, saboda haka kowa ya sa leda a jaka. Ba a ba da tukuici, kuma kada mutum shida su tare gaban ƙaramar rumfa: ɗaya ya shiga layi ya sayo wa kowa, a raba kwano ɗaya tsakanin mutum uku, a ɗanɗana abu da yawa ba tare da ciki ya cika a rumfar farko ba.

Rumfuna da yawa tsabar kuɗi suke karɓa. Na'urar cirar kuɗi ta shagunan 7-Eleven tana karɓar katin ƙasashen waje, amma ku gwada katinku tun ranar farko. Ku yi asusu ɗaya na abinci, kowa ya zuba daidai da safe, mutum ɗaya ya riƙe. Katin Suica ko ICOCA zai biya muku jirgi da bas. Kada ku sayi JR Pass, tikitin baƙi na hawa jiragen JR na wasu kwanaki, sai kun yi lissafi: a Oktoban 2023 na kwana bakwai ya koma yen 50,000, alhali zuwa Kyoto daga Tokyo da dawowa bai kai yen 30,000 ba.

Fasfo ya kasance a jikin kowa koyaushe, doka ce ga baƙo. Don sallar Juma'a akwai Tokyo Camii a Yoyogi-Uehara, da masallacin Kobe da aka buɗe a 1935, kusan rabin sa'a daga Osaka a jirgi. Jiragen cikin gari suna tsayawa wajen sha biyun dare, tasi kuma tsada gare ta, don haka wanda ke riƙe da asusu shi zai duba lokacin jirgin ƙarshe kafin ku zauna cin abincin dare a Dotonbori.